Lafiyayyen da Asibiti Ya Riƙe

Ranar da na je ceton Kawu a asibiti, ni aka ɗaga daga ƙasa.

Maƙwabcinsa ne ya kira ni a waya, ya ce ya kai matarsa awo sai ya hango Kawu ta wata taga, ba riga, an manna masa wayoyi a ƙirji kamar tsohon rediyon da aka buɗe wa baya. Ban tsaya tambaya ba. Kafin in tayar da mota na sanar da Innarmu, wadda ita ce yayarsa, na sanar da matata, na sanar da wasu ma da ba su san ina da kawu ba. Na ɗauki filo da bargo da fulas ɗin shayi, na isa asibiti da hawayena a shirye.

Aka nuna mini ɗakin a saman bene. Na tura ƙofa da kafaɗa, sai ga Kawu tsaye a kan wani inji mai shimfiɗa tana gudu a ƙarƙashin ƙafafunsa, yana ta tafiya ba ya zuwa ko'ina, gumi na zuba, wata nas na gefe tana kallon allo. Ni a ganina azaba ake gana wa tsoho. Na ce, "Ku ji tsoron Allah!" na yi tsalle in riƙo shi. Ƙafata ɗaya na sauka a kan shimfiɗar sai ta yi tafiyarta ta bar 'yar'uwarta. Fulas ya yi gabas, filo ya yi yamma, ni kuwa na riga su isa bango.

Kawu ko rage sauri bai yi ba. Ya leƙo ni ta kan kafaɗa ya ce, "Sista, yi haƙuri, ɗan yayata ne. Haka aka haife shi." Sannan ya ce da ni, "Tashi ka fita, aiki nake yi."

Aiki. Mutumin da ya rufe shago tun kafin in yi furfurar farko.

Kawu mai gyaran sikeli ne. Shagonsa wani ɗan lungu ne a bayan kasuwa, tsakanin mai yankan makulli da mai ɗinkin takalma, kuma duk mai sayar da nama ko ƙusa ko shinkafa a wannan yanki ya taɓa tsayuwa a ƙofarsa da sikeli a hammata. Yana da wani akwatin katako da duwatsun awo na tagulla a jere a ciki, daga mai girman dunƙulen hannu har zuwa wanda bai fi ƙwayar wake ba. Muna yara ba ya barin mu taɓa su, wai gumin hannu yana ƙara musu nauyi. In aka kawo masa sikelin da ake zargi, ba ya saurin yanke masa hukunci. Sai ya juya shi, ya hura, ya ɗora dutse, ya sauke, ya sake ɗorawa. Yakan ce sau da yawa ba sikelin ne ɓarawo ba, babban yatsan mai shi ne.

Ba ya shan taba, ba ya cin abinci ya ƙoshi, kuma duk inda ƙafa za ta kai shi ba ya hawa mota. Ban taɓa ganinsa kwance da rana ba. Innarmu takan ce suna yara ƙyanda ta zagaye gidansu kaf ta tsallake shi, domin ko cuta ba ta son zama da mutum mai ƙa'ida da yawa. Da sikeli mai batir ya shigo, wanda in ya lalace jefarwa ake yi, sai aiki ya yi ta ja da baya har Kawu ya sa wa shagon kwaɗo ya ɗauko akwatinsa ya dawo gida. Ba a jima ba matarsa ta kwanta ciwo. Doguwar jinya aka yi, kuma shi ya yi ta da hannunsa, har ya san barandar asibitin nan fiye da layin gidansa. Bayan ta rasu ya zauna a ɗaki yana kallon bango. 'Yarsa tilo tana aure a nesa. Mukan je, mu gaishe shi, ya ce lafiya lau, mu taso.

Sauran labarin daga bakin Sista na ji shi, ranar nan, tana manna mini filasta a gwiwar hannu. Ta ce ya zo ne ya mayar da keken marasa lafiya da aka ara wa matarsa, ta ga yadda ya hau bene da keken a kafaɗa ko haki bai yi ba, sai ta tambaye shi shekarunsa, ta kuma tambaye shi wane magani yake sha kullum. Ya ce ruwa.

"To shi ne muka roƙe shi ya shiga bincike," in ji ta.

Na ce, "Binciken me ya yi? Wani abu ya ɓata?"

Ta yi dariya. "Likitoci in suna nazarin wata cuta, ba marasa lafiya kaɗai suke aunawa ba. Sai sun samo mutum mai shekaru irin nasu wanda ba shi da cutar, a auna shi shi ma, a kwatanta. Matashi mai lafiya ba wuyar samu. Tsohon da ya haura saba'in ba ya shan ƙwaya ko ɗaya, shi ne sai an tona."

"Wato kun kwantar da shi ne don lafiyarsa ƙalau."

"Ba mu kwantar da shi ba."

"To wane magani kuke ba shi?"

"Ba ma ba shi komai."

"To daga me yake warkewa?"

Ta dube ni, ta dubi filastar, kamar tana tunanin ko a kai ya kamata ta manna ta.

Ni dai na ce na gane don a bar ni in tafi. Innarmu kuwa, da ta iso da kuka aka yi mata wannan bayani, sai ta share hawaye ta gyara zama ta ce, "In lafiyarsa lau, me ya kawo shi? Wanda ba a yi wa sata ba me zai kai shi wurin 'yan sanda?" Har yau ba wanda ya ba ta amsar da ta karɓa.

Daga sashen zuciya labarin Kawu ya bazu. Likitoci suka riƙa miƙa shi hannu da hannu kamar aron tsani a unguwa. Masu ido suka ɗiga masa wani ruwa da ke buɗe ƙwayar ido, suka haska fitila suna ɗaukar hoton ciki. Masu huhu suka ba shi bututu ya yi ta hurawa har jijiyar wuya ta tashi. Masu ƙashi suka shimfiɗe shi a ƙarƙashin wani inji da ke wucewa a hankali kamar mai neman allura a tabarma. Masu ƙwaƙwalwa suna faɗa masa kalmomi su ce ya riƙe, su sa shi zana fuskar agogo, sannan su tambaye shi kalmomin. Na taɓa gwadawa a zuciyata ina zaune a gefe, na tuna biyu, na ƙirƙiro ɗaya. Masu ƙoda kuwa jarka suke ba shi ya tara fitsarin yini da kwana, ya kawo musu da safe a cikin jaka, yana tafe da ita a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai.

Kowane sashe da lambar da ya ba shi, don a bincike ba a rubuta suna. Saboda haka a takarda Kawu ba mutum ɗaya ba ne, mutane ne da yawa, kuma ba wanda ya san wani a cikinsu. Na ce masa, "Kawu, in ka rasu wanne za mu binne?" Ya ce in rufe masa baki.

Amma mutum ya dawo da rai, wannan ko makaho ya gani. Ranar Talata, ranar zuwa asibiti, tun da sassafe yake goge kaya. Ya san mai gadi, ya san mai shara, ya san wace nas ce ɗanta ke haƙori. A barandar kowane sashe akwai benci biyu suna kallon juna: na marasa lafiya a jikin bango, da na masu zuwa don kwatance a wajen taga. Ba wanda ya rubuta haka, sabo ne kawai. Kawu a wajen taga yake zama, ƙafa kan ƙafa, yana yi wa na jikin bango sannu da irin muryar nan ta mai gida. Ko bencin taga ya cika, gara ya tsaya.

'Yan unguwa kuwa sun gama yanke hukunci cewa ciwon ajali ne ake ɓoyewa. Suna ta zuwa dubiya da lemo da ayaba. Da farko yana bayani, da ya gaji sai ya koma amsa "da sauƙi" yana ɓare ayabar. Ni kuma na zama direba, musamman ranar da aka ɗiga masa ruwan ido, don ranar ko hanyar ƙofa ba ya gani.

Haka muka yi 'yan shekaru. Sai masu zuciya suka fara wani sabon bincike, suka ɗaura masa wani ɗan akwati a ƙugu mai wayoyi, ya yini da shi ya kwana da shi. Da ya mayar, kwana kaɗan aka kira shi. Ni na kai shi.

Likitar zuciya yarinya ce, ba za ta wuce sa'ar 'yarsa ba, kuma ta saba tarbarsa da wasa. Ranar ba ta yi ba. Ta juyo da allo ta nuna masa wani zane mai hawa da sauka.

"Baba, ka ga nan? Bugun yana tafiya daidai. Ka ga nan kuma? Ya rikice. Yakan ɗan jima a haka, sannan ya koma."

Kawu ya matsa kusa ya duba. "Na wa ne wannan?"

"Naka ne, Baba."

"Ni ban ji komai ba."

"Da yawa ba sa ji. Matsalar ita ce in zuciya tana irin wannan rikicewa, jini yakan yi gudaji a cikinta. In gudajin ya tafi ƙwaƙwalwa, shi ne ake samun shanyewar ɓarin jiki. Amma an gode Allah da aka gani da wuri. Akwai ƙwaya, ɗaya tak, tana tsinka jini. Ka riƙa sha."

"Har zuwa yaushe?"

"Kullum, Baba."

Ni har na fara hamdala da ƙarfi, ina cewa ai abin ya zo da sauƙi. Kawu bai dube ni ba. Ya ce, "Likita, mai shan ƙwaya kullum yana zama a wajen taga?"

Ta mayar da allon gabanta. Sannan ta ce, "A namu binciken dai ka fita, Baba, sai dai ka dawo a matsayin wanda muke dubawa. Sauran sassa kowa da ƙa'idarsa, kuma takardunmu ba sa haɗuwa da nasu, kai za ka faɗa musu. Amma ka san tambayar da suke fara yi."

"Na san ta," in ji shi.

Na sayi maganin a hanya. Ya karɓa ya ce an gode. Da na koma bayan sati, kwalin na kan tebur ko farce ba a sa masa ba.

"Kawu, ba ka fara ba?"

"Zauna," in ji shi. Na zauna. "Idona lafiya?"

"Lafiya."

"Wa ya ce?"

"Likitan ido."

"Huhuna? Ƙodata? Ƙashina? Ƙwaƙwalwata, wadda ta fi taka?"

"Duk lafiya."

"To sashe ɗaya ya ce a'a, sauran duk sun ce e. A ina ka taɓa ganin mutum ɗaya ya kayar da taro?"

Wallahi sai da na kai gida na ajiye mota sannan na tuna cewa ba zaɓe ake yi ba. Na koma washegari da wannan amsa a hannu, sai ya tarbe ni da wata. Ya ce duk sashen da ya je, abin da ake fara tambayarsa shi ne ko ya fara shan wani magani. Shi kuwa bai taɓa yi wa ma'auni ƙarya ba, ba kuma zai fara da tsufa ba. Muddin bai sha ba, in ya ce a'a gaskiya ya faɗa.

"To sauran tambayoyin fa? Ba sa tambaya ko an gano maka wani ciwo?"

"Da suna yi. Yanzu sai su ce, Baba, kamar kullum? In ce ina nan dai."

"Kawu, wato don kada ka yi ƙarya shi ya sa za ka bar ɓarin jikinka ya shanye?"

"Kai ka ce zai shanye. Ita cewa ta yi yana iya." Ya nuna ni da yatsa. "Kuma in na ji maganar nan a bakin wata nas, kada ka sake taka ƙofata."

A ce mini in yi shiru, gara a ce in ɗauki buhun siminti in hau bene. Na kai ƙara wurin Innarmu, don ita ba nas ba ce. Ta sa na kai ta har ɗakinsa, ta zauna a bakin gado tana haki.

"Kai, da kana lafiya kullum kana asibiti. Yanzu an ce ba ka da lafiya, ka ƙi magani. To sai ka mutu za ka yarda a duba ka?"

"Yaya, ba za ki gane ba."

"Ai na daɗe ban gane ba. Ni ƙwaya nawa nake sha? Da safe, da rana, da dare, har da ta tuna mini in sha sauran. Na mutu?"

"Ke ba wanda yake jiranki ranar Talata," in ji shi, a hankali.

Innarmu ta yi shiru, abin da ban taɓa gani ba. A mota ta ce da ni, "Shi fa ba asibitin yake so ba. So yake a ce masa sannu da zuwa." Ta jima tana kallon titi, sannan ta ƙara da cewa, "Amma duk da haka wawa ne."

Na shiga wani hali. In wayata ta yi ƙara gabana ya faɗi. In na kai shi asibiti ina kallon bakinsa ko ya karkace, ina kallon hannunsa ko ya saki. Shi kuwa yana ta hawa bene kamar da. A sashen ido lafiyayye ne, a sauka ƙasa a juya hagu marar lafiya ne, a tsallaka baranda ya sake warkewa. Wani lokaci har in fara tunanin ko yarinyar nan ce ta yi kuskure. Wani lokaci in ga kamar duk asibitin ne ke da ciwo, mu biyu ne kaɗai masu lafiya, ni ma ban tabbata da kaina ba.

Ranar da abin ya fashe, sashen ƙoda muka je. Kawu ya miƙa jarkarsa, aka shigar da shi ɗan ɗakin awo, ni ma na bi na tsaya jikin ƙofa. Wata sabuwar nas ce, siririya, ba ta san shi ba. Ta ɗauko na'urar awon jini sabuwa fil, ko ledar fuskarta ba a ɓare ba, ta ɗaura masa a damtse. Na'urar ta kumbura, ta saki, sai ta yi ƙara, wata 'yar alama mai siffar zuciya ta riƙa ƙyaftawa. Nas ta sake. Alamar ta sake ƙyaftawa. Ta koma ɗaya hannun. Haka dai.

Ta leƙa ta kira likitan ƙoda, wani dattijo mai sanƙo da fara'a, wanda ya san Kawu tun farkon zuwansa. Ya shigo yana cewa, "Baba na kaina! Kamar kullum?"

"Ina nan dai," in ji Kawu.

"Likita, alamar rikicewar bugu take nunawa," in ji nas.

Likita ya duba, ya kwashe da dariya. "A jikin wa? Ke sabuwa ce, shi ya sa. Wannan Baba ne. Mu nan in muna shakkar na'ura, a hannunsa muke ɗaura ta. In ta ce Baba ba shi da lafiya, ita ce ba ta da lafiya." Ya juya na'urar ya dubi bayanta. "Dama ban yarda da sababbin nan ba. Haɗa su duka a kwali a mayar, ki ɗauko tsofaffin."

Na dubi Kawu. Kawu yana kallon ƙasa. Harshena ya yi ta motsi a baki kamar kifi a kwando, na danne shi da haƙori.

Nas ta fara naɗe igiyar, sai ta tsaya. "To Likita, ɗazu ma ta yi wa wata tsohuwa haka, mai jan mayafi, tana nan waje. Na ce mata ta jira a tura ta sashen zuciya."

"Kada a wahalar da baiwar Allah a banza, ga layi ga bene. Ce mata ta tafi gida, na'ura ce."

Nas ta nufi ƙofa. Na matsa in ba ta hanya, don ban san abin da zan yi ba in ba wannan ba.

"'Yata," in ji Kawu. "Dawo. Miƙo mini ita."

Ta miƙa masa na'urar. Ya karɓa da hannu biyu, ya juya ta, ya shafa gefenta da babban yatsa, har da hure ƙurar da babu. Ya ɗora ta a kan tebur, ya gyara mata zama ta daidaita.

"Ku bar ta," ya ce. "Ba ta yi ƙarya ba. Kada tsohuwar nan ta tafi."

Likita ya ce, "Baba?"

"Masu zuciya sun gani tun kwanaki. Sun ba ni magani. Ban sha ba."

Dariyar ta bar fuskar likita. Ya ja kujera ya zauna, ya kama wuyan hannun Kawu da yatsunsa, ya rufe ido. Da ya buɗe ido ya ce da nas, "Je ki raka tsohuwar nan sashen zuciya da kanki." Sannan ya ce, "Laifina ne, Baba. Na daina tambayarka, na koma gaishe ka kawai."

"Ni ma na daina amsawa," in ji Kawu.

Na ɗauka daga nan gida za mu. Ina! Ya ce sai ya bi kowane sashe ya faɗa da bakinsa. Muka yi ta hawa da sauka. Masu ƙwaƙwalwa suka ce sun gode, amma ya fita, har wata ta rungume hannunsa. Masu ido suka ce ya fita, sai dai za su duba ko awon da suka yi masa a 'yan kwanakin nan zai shiga lissafi ko zubarwa za a yi, wanda ya sa Kawu ya runtse ido kamar an taka shi. Masu huhu suka yi ta gardama a junansu a gabanmu, ɗaya ya ce huhu daban zuciya daban, ɗaya ya ce ai maƙwabta ne, katanga ɗaya. A sashen ƙashi kuwa babban likitan ya yi tafiya, na ƙasa da shi ya ce ba zai iya yanke hukunci ba. Har yau da nake wannan rubutu ba mu san ko ƙashin Kawu yana cikin masu lafiya ba.

Da la'asar muka isa barandar sashen zuciya. Mutane sun ragu. Bencin taga ba kowa, rana ta kwanta a kai. A na jikin bango akwai tsohuwar nan mai jan mayafi, da wani mutum mai kumburarrun ƙafafu yana gyangyaɗi. Kawu ya tsaya a tsakiya. Sista ta leƙo daga ɗakinta, ta gan shi, ta koma. Ya daɗe a tsaye, har na fara tunanin ko in ɗauko masa kujera ta uku in ajiye a tsakani a huta.

Sai ya juya ya zauna jikin bango, can a ƙarshen benci, rabin jikinsa a waje. Tsohuwar ta matsa masa ta ce, "Sannu, bawan Allah. Ya jiki?"

Ya dube ta. Sannan ya ce, "Da sauƙi."

Ya sa hannu a aljihu ya fito da kwalin maganin, gefensa duk ya tauye don yawo. Ashe tare suke zuwa. Ya ɓalle ƙwaya ɗaya, ya ɗora a tafin hannu, ya ɗan ɗaga hannun sama da ƙasa.

"Ko nauyi ba ta da shi," ya ce. "Samo mini ruwa."

Na kawo da gudu. Ya haɗiye, ya miƙo mini gorar, ya zauna yana kallon taga daga wannan ɓangaren. Ni kuma, kamar kullum, bakina ya ƙi zama lafiya. Na zauna kusa da shi na dafa gwiwarsa.

"To Kawu, barka da shigowa cikin jama'a," na ce. "Yau dai ka zama irinmu."

Ya ɗauke hannuna daga gwiwarsa da yatsu biyu, ya ajiye mini a kan tawa.

"Irinku? Ni sai da asibiti guda ya taru a kaina shekara da shekaru kafin a samo ciwo ɗaya. Kai naka tun daga bakin titi ake jiyo shi, kuma har yau ba a buɗe masa sashe ba."